Fim ɗin kaboyi babu harbi: me waɗannan fina-finai ke faɗa game da namiji?

Me ya sa za a shirya fim ɗin kaboyi na sama da awa biyu, ga dawakai, ga shanu, ga tsaunuka, amma har a tashi ba a yi artabun bindiga ko sau ɗaya ba? Kuma ta yaya fim ɗin da mutane da yawa suka ce ya sa su gyangyaɗi ya zama shi ne aka tsayar a rukuni 12 na kyautar Oska?

Tambayar ta taso da ƙarfi a farkon 2022, a kan fim ɗin The Power of the Dog na Jane Campion, 'yar ƙasar Niyuzilan. Sam Elliott, dattijon ɗan wasa mai ƙaton gashin baki wanda ya tsufa a fina-finan kaboyi, ya fito a wata hira da mai shirin tattaunawa Marc Maron ya yi da shi, inda Elliott ya yi wa fim ɗin kaca-kaca. Ya yi ƙorafin cewa an cika shi da shaguɓen neman maza, ya kuma tambaya me mace daga Niyuzilan ta sani game da yammacin Amurka. Campion ta mayar masa cewa shi ma ai ba kaboyi ba ne, ɗan wasa ne. A watan Maris ta ci Oska ta gwarzuwar darakta, a watan Afrilu Elliott ya nemi afuwa. Cacar bakin ta lafa, rashin fahimtar kuwa na nan. Wasu na cewa fim ne da babu komai a cikinsa, wasu na cewa tallar luwaɗi ce aka sa wa hular kaboyi. A ganina kowane ɓangare gefe ɗaya ya kalla. Babban abin da ke damun irin waɗannan fina-finai shi ne ɓarnar da namiji ke yi wa na kusa da shi idan ya gina mazantakarsa a kan tsoron kada a gano shi. Nan gaba zan tona ƙarshen labarin fina-finai biyu, wanda bai gan su ba ya san da haka.

Kaboyin tarihi da kaboyin silima

Asalin kaboyi makiyayi ne na haya. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a Tekzas, nama kuma na tsada a biranen gabas. Sai aka riƙa kora garkuna zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene, ta burtalin da ake kira Chisholm. Mutum goma sha wani abu ke kora shanu dubu biyu zuwa uku, tafiyar wata biyu ko uku, a kan albashin da bai wuce dala 30 zuwa 40 a wata ba. Yawancinsu samari ne 'ya'yan talakawa. Sana'ar kanta daga makiyayan Meziko aka koye ta, kuma masana tarihi da dama sun kiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu korar shanun baƙaƙen fata ne, 'yantattun bayi da 'ya'yansu. Zamanin bai daɗe ba. Waya mai ƙaya da Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874 ta killace filayen kiwo, layin dogo ya kutsa ko'ina, sannan matsanancin sanyin 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu ba adadi. Duka-duka shekara ashirin da 'yan kai.

Da sana'ar ta mutu sai tatsuniyarta ta tashi. Buffalo Bill ya fara yawo da wasan dawakai da harbi a 1883, silima ta karɓa tun 1903, darakta John Ford da ɗan wasa John Wayne suka ɗaga ta sama daga 1939. A hannunsu makiyayin haya ya rikiɗe ya zama farin mutum dogo, mai ƙarancin magana, wanda ba ya kuka, ba ya neman taimako, ba ya zama a gida. Mace a wurinsa ko dai abar karewa ce ko kuma igiyar da za ta ɗaure shi. Dubi ƙarshen The Searchers na 1956: kowa ya shige ɗaki, Wayne ya tsaya a bakin ƙofa shi kaɗai, ya juya ya nufi daji, ƙofa ta rufe. An yi shekaru ana kallon wannan a matsayin jarumta kafin wasu su fara tambaya ko mutumin nan yana da lafiya. Har 'yan kasuwa sun gane darajar hoton. Sigarin Marlboro da can mata ake tallata wa, sai a tsakiyar shekarun 1950 aka sa kaboyi a jikin tallarta ta koma tabar maza.

Mu ma tatsuniyar ta iso mu. Kalmar kaboyi ta shigo Hausa ne ta gidajen silima na Kano da Kaduna da Zariya, inda iyayenmu suka kalli waɗannan fina-finai tare da na Indiya. A Nijar, tun 1966 Moustapha Alassane ya shirya fim a kan saurayin da ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi garinsu. Saboda haka idan mai kallo a nan ya kunna fim ɗin kaboyi ya zauna jiran jarumi da bos su haɗu a tsakiyar titi, ba laifinsa ba ne. Abin da aka saba masa da shi ke nan shekara da shekaru.

Me ake nufi da dannanniyar sha'awa?

A nan ne aka fi samun ruɗani, don haka bari in tsaya. Akwai abubuwa uku da suka yi kama amma ba ɗaya ba ne.

Na farko kame kai. Mutum ya san abin da ransa ke so, bai yi wa kansa ƙarya ba, amma ya hana kansa saboda imani ko alkawari ko mutunci. Mai azumi ya san yana jin ƙishirwa, kuma ba ya jin haushin mai sayar da ruwa. Na biyu ɓoyewa, wato mutum ya sani, ya kuma aikata ko ya yi buri, amma ya rufa wa kansa asiri don tsoron hukunci ko abin kunya. Na uku shi ne wanda masu nazarin halayyar ɗan'adam tun daga Sigmund Freud ke kira danniya: mutum ya tura abin can ƙasan zuciya har ya ƙi yarda akwai shi, sai abin ya ɓullo ta wata kafa, ta hanyar fushi, ko ƙyama, ko cin zalin duk wanda ya tuna masa da shi. Hausawa sun rigaya sun san wannan hali, su ne suka ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

Fina-finan da muke magana a kai suna zaune ne tsakanin na biyu da na uku. Ba su cika damuwa da mai kame kai ba, domin mai kame kai ba ya huce haushinsa a kan matar ƙanensa.

Sai kuma a san yanayin da labaran suka faru. A 1925 babu jiha ko ɗaya a Amurka da ba ta ɗauki saduwar namiji da namiji a matsayin laifi ba. Ilinoi ce ta fara soke dokar a farkon shekarun 1960, likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar sun cire abin daga jerin cututtuka a 1973, kotun ƙoli kuma ba ta rushe sauran dokokin ba sai 2003. Wato Amurkar da ke cikin waɗannan fina-finai ba Amurkar yau ba ce.

Shirun da aka kafa wa doka

Holiwud ta yi nata zamanin tace fina-finai mai tsanani. Ƙa'idojin da ake kira na Hays an rubuta su a 1930, aka fara tilasta su a 1934, ba a ajiye su ba sai 1968. Sun hana nuna duk wata sha'awa da suka kira karkatacciya, ko da a baki ne. Amma fim ɗin kaboyi duniya ce ta maza zalla, suna kwana tare a daji wata da watanni, suna mutuwa saboda juna. Masu shirya fim sai suka koyi magana da ido da hannu. A Red River na 1948 akwai fitowar da samari biyu ke musayar bindigogi, kowa na yaba ta ɗan'uwansa, kuma masu sharhi sun daɗe suna cewa maganar ta wuce ta bindiga. Montgomery Clift, ɗaya daga cikin samarin biyu, marubuta tarihin rayuwarsa sun nuna ya rayu yana ɓoye irin wannan sirri. Abin da Campion da Ang Lee, daraktan Brokeback Mountain da za mu zo kansa, suka yi daga baya shi ne fito da abin da tsofaffin fina-finan suka bari a ƙarƙashin tabarma.

Gidan Burbank, Montana, 1925

Labarin The Power of the Dog na wa da ƙane ne, Phil da George Burbank, masu babban gandun shanu. Shekara 25 suna aiki tare, har yanzu ɗaki ɗaya suke kwana. George mai sanyin hali ne, mai kwat da hula. Phil, wanda Benedict Cumberbatch ya fito a matsayinsa, shi ne namijin gidan. Ba ya wanka a banɗaki, ba ya sa safar hannu, da hannunsa tsirara yake fiɗiye bijimai, kuma bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Yaran gandu na kwaikwayonsa a komai. Ba ya minti goma bai ambaci wani Bronco Henry ba, maigidansa da ya koya masa hawa, wanda ya mutu fiye da shekara ashirin da suka wuce. Sirdin mamacin na nan a barga, Phil na goge shi da dare.

Sun sauka cin abinci a masaukin wata bazawara, Rose, wadda mijinta likita ya rataye kansa. Ɗanta Peter, siririn saurayi mai sanyin murya, shi ke kai abinci, shi ya kuma yi furannin takarda da aka ƙawata tebur da su. Phil ya ɗauki fure ɗaya, ya juya shi a hannu, ya tambayi wace yarinya ce ta yi. Yaron ya ce shi ne. Phil ya kwaikwayi muryarsa, yaransa suka bushe da dariya, sannan ya cinna wa furen wuta ya kunna tabarsa da shi. Rose ta shige kicin tana kuka. George ya je ba ta haƙuri, daga nan soyayya ta ƙullu, ya aure ta ya kawo ta gida.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Phil bai taɓa ɗaga wa Rose hannu ba. George ya sayo mata fiyano don ta yi wa gwamna da matarsa kiɗa idan sun zo cin abinci. Tana koyon wani kiɗa tana tuntuɓe, sai ta ji daga saman bene Phil na bin kiɗan da banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, daidai inda ta tsaya a tsaya, inda ta kasa a wuce ta da gudu. Daga ranar, duk inda ta bi a gidan sai ta ji fito da wannan kiɗa, ba ta ganin mai yin. Daren da baƙin suka zo ta zauna gaban fiyano, yatsunta suka ƙi motsi. A wannan dare ta fara shan giya, har ta kai tana ɓoye kwalba a ƙarƙashin matashin kai da bayan gida. Duk matar da ta taɓa zama a gidan da wani dangin miji ya tsane ta ba tare da ya furta ba za ta gane wannan azaba, domin babu abin da za ta kai ƙara a kai. Idan ta ce yana fito, sai a ce fito laifi ne?

Sai can tsakiyar fim aka buɗe mana cikin Phil. Yana da maɓoya a bakin rafi, ta cikin surƙuƙin itatuwa. A can yake tuɓewa ya shafa laka ya yi wanka, ya fito da wani tsohon ƙyalle na Bronco Henry da yake ɓoye a jikinsa yana shafawa a fuska. Peter ya yi tuntuɓe da wurin, ya ga mujallun hotunan maza masu motsa jiki da sunan Bronco Henry a kai. Nan mai kallo zai koma baya ya sake lissafi. Phil ya yi karatun tsofaffin harsunan Turai a jami'ar Yale, yana kiɗa, yana da hannun sana'a mai laushi. Dattin jikinsa da warinsa sulke ne ya saka. Ranar da ya ga yaro ya fito da furen takarda gaban maza ba tare da jin kunya ba, abin da ya binne a kansa ne ya gani yana yawo a fili, shi ya sa ya ƙone shi.

Bayan haka Phil ya sauya, ya jawo Peter a jiki, ya koya masa hawa, ya fara tufka masa igiya da ɗanyar fata. Akwai wani tsauni da Phil ke yawan kallo yana cewa akwai abin da ke jikinsa wanda sauran ba sa gani. Peter ya duba ya ce inuwar kare ce mai haushi. Kafin shi, Phil da Bronco Henry ne kaɗai suka taɓa ganin ta. Mutumin da ya shekara ashirin cikin kaɗaici ya ga kamar ya sami wanda zai gane shi.

Yaron kuwa uwarsa yake kallo tana lalacewa. Ɗalibin likitanci ne. Ya hau doki shi kaɗai ya sami mushen saniyar da cutar antiraks ta kashe, ya sa safar hannu ya yanko fatarta. Da Rose ta ba wa wasu 'yan asalin ƙasar fatun da Phil ya tara, igiya ta rasa abin ƙarasawa, sai Peter ya miƙa masa tasa. Phil na da ɗanyen rauni a hannu, ya kuma tsoma hannun cikin ruwan da aka jiƙa fatar ya tufka har dare ya raba. Ba a jima ba ya mutu. Peter bai je jana'iza ba. Ya buɗe Zabura ta 22, inda mai addu'a ke roƙon a ceci ransa daga takobi da ikon kare, daga nan sunan fim ɗin ya fito. Ya sa safar hannu ya tura igiyar ƙarƙashin gado.

To, me ya sa ake tafiyar hawainiya?

Saboda labarin mutanen da ba sa faɗin abin da ke ransu ne. Idan jarumi ba zai yi magana ba, dole kyamara ta tsaya a fuskarsa har fuskar ta yi maganar, labarin zuciya a tambayi fuska. Da Campion ta yi sauri, da fiton nan bai zama azaba ba, domin azabarsa a maimaici take. Da ba mu daɗe muna kallon hannun Phil yana murza fata ba, da ba mu lura da raunin ba, kuma a cikin raunin kisan yake. Mutane da yawa sun gama fim ɗin ba su san an yi kisa ba, sai da suka sake kallo. Bindigar na nan, igiya ce kawai ta koma.

Jinkiri kuma ba baƙo ba ne a fim ɗin kaboyi. Sergio Leone ya buɗe fim ɗinsa na 1968 da kusan minti goma na mutum uku suna jiran jirgi a tasha, ƙuda na damun ɗaya, ruwa na ɗiga a hular ɗaya. Bambancin shi ne Leone na biyan mai haƙuri da harbi. Kelly Reichardt, a First Cow na 2019, ta biya shi da abotar mutum biyu masu satar madarar saniya da dare suna soya ƙosan fulawa su sayar. Ba kowane jinkiri ne ke da amfani ba, akwai fina-finan da ke jan lokaci don a ce masu zurfi ne. Ma'aunina shi ne, idan aka yanke minti biyar ɗin nan, akwai abin da zan rasa sani game da mutumin? A gidan Burbank amsar kusan kullum e ce.

Wa ke biyan kuɗin zurfin ciki?

Brokeback Mountain na Ang Lee, 2005, daga gajeren labarin Annie Proulx na 1997, shi ya fi fitowa fili. Ennis da Jack samari ne da aka ɗauka kiwon tumaki a tsaunin Wayomin a 1963, abin da ya shiga tsakaninsu ya bi su shekara ashirin, kowa da matarsa. Fim ɗin ya ci Oska uku. Ennis yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya kai shi ya ga gawar wani makiyayi da aka yi wa kisan gilla saboda yana zaune da namiji, kuma wannan gawa ce ke tsaye a gabansa duk rayuwarsa. Ba ƙirƙira ce zalla ba, domin a 1998 an kashe ɗalibi Matthew Shepard a kusa da Laramie, a jihar ta Wayomin.

Amma ni wadda na kasa mantawa ita ce Alma, matar Ennis. Ta leƙo ta ƙofa ta ga abin da ta gani, ta koma ciki ta yi shiru shekaru. Mijinta na cewa zai tafi kamun kifi da abokinsa. Wata rana ta ɗaura 'yar takarda a jikin ƙugiyarsa tana roƙon ya kawo musu kifi gida. Ya dawo, ta buɗe akwatin, takardar na nan a bushe, igiyar ba ta taɓa ruwa ba. Ba ta faɗa masa ba sai bayan aure ya mutu. Alma ba ta yi wa kowa laifi ba, Rose ma haka. An mai da ɗaya labule, an mai da ɗaya wurin huce haushi. Duk wanda ya ce waɗannan fina-finai biki suke yi wa mazan, bai kalli fuskokin matan ba.

Masu suka da masu yabo

Suka kashi-kashi ce. Akwai irin su Elliott, waɗanda ke ganin ana rushe musu gwarzon da suka tashi da shi, kuma baƙi ne ke rushewar: Campion daga Niyuzilan, inda ma ta ɗauki fim ɗin a yankin Otago, Ang Lee daga Taiwan, ya ɗauki nasa a Kanada. Amsar wannan mai sauƙi ce, domin Leone ɗan Italiya ne kuma a Sifaniya ya ɗauki yawancin nasa, sannan littafin da Campion ta yi aiki da shi ɗan gandun Montana ne ya rubuta. Akwai masu suka ta fuskar addini, Kirista da Musulmi, waɗanda ke cewa sa mai kallo ya tausaya wa mai wannan sha'awa mataki ne na sa shi ya saba da ita. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ba a Afirka kaɗai take ba, a Amurkar ma wani gidan silima a jihar Yuta ya janye Brokeback Mountain. Akwai kuma suka daga su masu neman jinsi ɗin kansu, waɗanda ke cewa sun gaji da labarin da kullum ke ƙarewa da gawar ɗayansu.

Ni nawa ƙorafin biyu ne. Na farko, akwai haɗarin mai kallo ya fita da tunanin cewa duk namiji mai mugunta wani abu yake ɓoyewa. Ba haka ba ne. Wani azzalumin don ya sami dama ne kawai, kuma rataya kowane zalunci a wuyan ɓoyayyiyar sha'awa sauƙaƙa wa azzalumai ne. Na biyu, 'yan asalin ƙasar da aka ƙwace wa filin da shanun Burbank ke kiwo sun leƙo ne kawai na 'yan mintuna, suka karɓi fata suka wuce. Fim ɗin da ya zo gyara tatsuniyar kaboyi ya bar mafi girman ƙaryarta kusan yadda ya same ta.

Masu yabo kuwa suna da hujja mai ƙarfi a kan Peter. Duk gandun sun ɗauke shi rago, har uwarsa na tsoron a karya shi, alhali shi ne mai taurin zuciyar da ta fi ta kowa. Yana shafa zomo a hankali ya karya masa wuya ba tare da ya ƙifta ido ba. Fim ɗin bai ce ya yi daidai ba. Ya kashe mutum ne a daidai lokacin da mutumin ya fara sakin jiki da wani a karon farko cikin shekara ashirin, kuma ta wannan sakin jikin ya shige shi. Na tsani abin da Phil ya yi wa Rose, duk da haka da na gan shi da safe yana yawo da igiya a hannu, jiki na rawa, yana neman yaron ya ba shi, sai da zuciyata ta karye.

Ina ruwan mai kallo a nan?

Abu na farko na zahiri ne. Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba abin da ake shiryawa da sayarwa a jihar, amma The Power of the Dog fim ɗin Netflix ne, kai tsaye yake shigowa waya. Hoton doki da hula a fuskar fim ba ya nufin irin kaboyin da aka sani. Dukan fina-finan biyu a Amurka ma an ware su ne ga manya, kuma Brokeback Mountain na da fitowar da ta fito fili ƙwarai. Uba ko uwar da ke miƙa wa yaro waya ya kamata su san wannan tun kafin a kunna.

Na biyu ya fi wuya. Matsayin addini da al'ada da dokar Najeriya a kan luwaɗi sananne ne, kuma fahimtar abin da fim ke faɗa ba amincewa da duk abin da ke cikinsa ba ne. Amma ko an cire batun sha'awa gaba ɗaya, sauran tambayar na nan tana kallonmu. Mu ma muna cewa namiji ba ya kuka, muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Muna da yaron da ake yi wa dariya a majalisa don yana taya mahaifiyarsa girki ko don muryarsa ba ta yi kauri ba, har a laƙaba masa sunan da zai bi shi makaranta. Muna da magidancin da karayar arziki ko rashin lafiya ko wani tsohon rauni ke cinsa, ba shi da wanda zai faɗa wa, sai matarsa da 'ya'yansa su ji a jikinsu. Abin da ake ɓoyewa ya bambanta daga gida zuwa gida, inda haushin ke sauka ne bai cika bambanta ba.

Thomas Savage, wanda ya rubuta littafin a 1967, ya san gidan Burbank daga ciki. An haife shi a 1915, mahaifiyarsa ta sake aure ta shiga gidan Brenner, masu gandun shanu a kudu maso yammacin Montana, tare da shi yana ƙaramin yaro. A can ya ga yadda ɗan'uwan mijinta, Ed Brenner, ya takura mata, ya kuma ga ta faɗa shan giya. A kan Ed ya gina Phil. Shi kansa Savage ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku, ya rayu da irin sirrin da ya ɗora wa Phil a littafin. Ya rasu a 2003, shekara 18 kafin fim ɗin ya fito.